Ruwan da na hana ƴata

Ina ɗauke da ƙwayar cutar sida, ƴata kuwa ba ta da ita. Da farko ni kaina ban yarda hakan na yiwuwa ba, domin a Damagaram mun taso muna jin ana kiran ciwon nan kabari salamu alaikum.

A wurin awon ciki aka gano, a likitar unguwarmu ta Zango. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mai da awo kyauta, shi ya sa ma maigida bai hana ni zuwa ba. Ungozomar ta ja ni ɗaki, ta bari na yi kukana, sannan ta yi mini lissafi: in babu magani, cikin jarirai 100 da masu ƙwayar suka haifa, 15 zuwa 45 kan kamu, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In uwa ta riƙe maganinta, ba sa kai 5. Ƙwaya ɗaya ce a rana, ita ma kyauta.

Shan ƙwayar bai ba ni wuya ba. Wuyar tana cikin gida. Da na gaya wa maigida, cewa ya yi, "Daga ina kika kwaso?" Sai da Yaya, uwargidana, ta tsaya kai da fata kafin ya yarda aka gwada mu duka. Shi yana da ita. Ita Allah Ya tsare ta. Matar da ake cewa abokiyar gabata, ita ce ta riƙe sirrina.

A bazara na haihu, lokacin da zafin Zinder ke haura digiri 40. An gargaɗe ni: nono zalla har wata shida, domin ruwa ko kunu kan ɓata hanjin jariri, ƙwayar ta samu ƙofa. To, wa zai faɗa wa surukata haka? Ita da ta raini ƴaƴa da jikoki da ruwa da rubutu da tsimi! Kullum sai ta zo da ɗan ƙoƙonta. "Ke wace irin uwa ce? Ƙishi zai kashe mini takwara." Ba mugunta ba ce, ƙauna ce, kuma abin da ya fi cin raina ke nan. Yaya ce ta samo dabara. Ta ce, "Inna, ba mai jego ta sha, ai zai bi ta nono ya isa ga yarinya." Haka na riƙa shanye rubutun, da dare kuma in ɗiga wa jaririya maganinta na ruwa.

A benci na likita na zauna da mata da ake kira masu wabi, waɗanda ƴaƴansu ke ta mutuwa tun suna jarirai. Wasunsu tunjere ne ke cin cikinsu, ciwon da allurar fenisilin ke kashewa in an gano da wuri. Amma a yi wa mace allura ta koma wa mijin da ba a yi wa ba, aikin banza ne. Ƙasar Kuba ta kawar da yaɗa sida da tunjere daga uwa zuwa ɗa tun 2015, da shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu kuwa har yanzu mace kaɗai ake gwadawa, ita kaɗai ke ɗaukar labarin zuwa gida, ita ce kuma ake zargi. Wannan zalunci ne, kuma jarirai ke biyan kuɗinsa.

An gwada ƴata tana da sati shida, aka sake bayan yaye, tana da wata 18. Lafiya lau. Surukata har gobe ba ta san komai ba. Maigida kuwa yana shan nasa maganin, amma har Mirriya yake zuwa karɓowa, don kada wani ɗan unguwa ya gan shi a layi.