Hanyar Wurno A Kan Keke

Mutane da yawa suna tsammani ƙasar Sakkwato shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Wanda ya faɗi haka, a mota ya bi ta. Duk wanda ya taɓa taka keke daga Sakkwato zuwa Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, cinyoyinsa za su ba da wata shaida dabam. Akwai tudu, akwai gangara, akwai jigawa mai yashi inda taya ke nutsewa, akwai kuma fako mai jar tsakuwa. Tuddan ba su da tsawo kamar na Jos, amma sun isa su sa mutum ya sauka ya tura.

Mu malamai kaɗan na makarantar ikilisiya mun daɗe muna bin waɗannan hanyoyi a hutun Kirsimeti, tare da manyan yaranmu. Muna so mu gaya wa iyaye abin da muka gani, da abin da mutanen hanyar suka yi mana, gama yanzu suna cikin wahala, akwai kuwa bashinsu a kanmu.

Lokacin tafiyar shi ne hunturu, watan Disamba ko Janairu. Da bazara ba mai hankalin da zai ɗauki yaro ya hau wannan hanya, domin zafi yakan wuce digiri 40. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, nan ne kuwa Wurno da Goronyo suke. Saboda haka da tafiya iska tana dukan ƙirji, da dawowa kuma tana tura baya. Mukan tashi da asuba bayan addu'a. Kowa da jarkar ruwa a kariya, da famfo, da sholisho da guntun tif na faci, da sifana. Kekunanmu irin na da ne, Raleigh da Phoenix, masu birkin ƙarfe, ba su da giya. Tsaidau ita ce babbar maƙiyiyar mai keke a can. Ƙayarta ƙarama ce, tana kwance a bakin hanya, amma tana iya tsai da mutum goma.

Zangon farko shi ne Achida, garin kasuwa. Daga nan ƙasa takan fara hawa da sauka, har mutum ya iso bakin tudu ya hangi fadamar Gulbin Rima a ƙasa, kore shar a tsakiyar rani. Shinkafa ce da alkama da albasa da tafarnuwa, iyakar ganin ido. Yaran da suka girma cikin birni sukan yi shiru a wurin nan. Suna cin albasa kullum, amma ba su taɓa ganin mutumin da yake tsaye cikin laka tun da sassafe yana ba ta ruwa ba.

A ƙasar Wurno ne Magarya take, mai sunan itacen nan mai ƙaya wanda yara ke son 'ya'yansa. Mai wucewa a mota ba zai san tana da tarihi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna a can kafin ya kafa Wurno. A can ma Baturen nan Clapperton ya yi kwanaki tare da shi a 1826. Cikin kyautar da Baturen ya kawo masa akwai littattafai na Larabci, har da Sabon Alkawari da Zabura. Mukan gaya wa yaranmu wannan, domin su sani Maganar Allah ta taka ƙasar nan fiye da shekara ɗari kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Clapperton bai koma gida ba, ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu 1827.

Wurno kanta a kan tudu take, tana duban fadama. Bello ya gina ta ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, domin ta tare hanyar Gobirawa. A nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake, mutane suna zuwa ziyara. Ɗansa Aliyu Babba ya mai da ita wurin zamansa, a zamaninsa ne Barth, Bajamushe, ya sauka a garin a 1853. Wanda ya tura keke ya hau tudun nan ba ya bukatar a bayyana masa dalilin da aka zaɓi wurin. Numfashinsa ya riga ya gaya masa. Mukan umurci yara su sauka daga keke kusa da hubbaren, su rage murya. Ba wurin sujadarmu ba ne, amma wurin da maƙwabtanmu suke girmamawa ne, mai bi kuwa ba ya raina abin da ke da daraja a idon mai masaukinsa.

Rabah tana kudu maso gabas da Wurno, a bakin Gulbin Sakkwato, kamar mil 20 daga birni. A nan aka haifi Ahmadu Bello, jikan jikokin Shehu. Ya zama hakimin Rabah a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938, daga baya ya zama Firimiyan Jihar Arewa, har aka kashe shi ran 15 ga Janairu 1966. Yaranmu sun san sunansa a jikin tituna da jami'ar Zariya. Da suka ga garinsu da idonsu, da rumbunan ƙasa da jakuna da masunta, sai suka gane cewa babban mutum ma daga ƙaramin wuri yake fitowa. Gani ya kori ji.

Goronyo ita ce mafi nisa, ba ma kai ƙananan yara can. Akwai babbar madatsar ruwa a kan Gulbin Rima, wadda aka gama a 1984. Tsawonta ya kai kilomita 12 da rabi. Ita ke riƙe ruwan damina ta sake shi da rani domin masu noman fadama da mutanen birni. A watan Satumba 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ya ci gonaki da ƙauyuka masu yawa. A tuddan yankin kuma an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku, masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, domin girmama garin. Ashe wannan busasshiyar ƙasa ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Mukan zauna a kan tudu mu yi tunanin ikon Mahalicci, wanda yake sa wa ruwa iyaka, yake kuma kawar da ita sa'ad da ya ga dama.

Amma babban darasin hanyar ba a cikin tarihi yake ba. Mai mota yana rufe gilashi ya wuce gari goma bai yi wa kowa sallama ba. Mai keke ba shi da wannan iko. Ruwansa zai ƙare, tilas ya tsaya a rijiya. Tayarsa za ta sace, tilas ya nemi inuwar wani. Hanya za ta rabu biyu, tilas ya yi tambaya. Mai keke baƙon kowa ne.

Ba mu taɓa ɓoye ko mu su wane ne ba. Sunayen yaranmu ma sun isa su faɗa. Duk da haka ba mu tuna wata rijiya da aka hana mu guga ba. Mata sukan aiko yara da fura a ƙwarya. Wani mai faci ya gyara mana taya uku, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce ba a cin kuɗin matafiyi da yara. Wata shekara zazzaɓi ya kama ɗaya daga cikin yaranmu da la'asar. Wani dattijo ya buɗe mana zaurensa, ya shimfiɗa tabarmi, ya sa aka dama kunu. Da ya fita sallar isha'i muka yi tamu addu'a a cikin zauren. Da safe ɗansa ya ɗauki yaron a amalanke har bakin kwalta, aka ɗaure kekensa a baya.

Kowane yaron makarantar Lahadi ya san misalin da Ubangiji Yesu ya bayar a Luka sura 10, na mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Ita ma hanyar tuddai ce. Sa'ad da muke koyar da shi, mukan sa kanmu a matsayin Basamariyen, mai taimako. A hanyar Wurno kuwa mu ne mabukata, waɗanda ba su bin bangaskiyarmu su ne suka tsaya dominmu. Haka Yesu ya shirya misalin tun farko, gama wanda masu sauraronsa ba su zata ba, shi ne ya zama maƙwabci.

Yau shekaru ke nan ba mu bi hanyar ba. 'Yan bindiga sun shiga gabashin Sakkwato. A watan Yuli 2018 suka far wa Tabanni a ƙasar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka gudu Gandi. A watan Oktoba 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka mutu. An kore shanu, an bar gonaki, an sace mutane ana neman kuɗin fansa. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki yara ya kama hanya. Ko babba ma kada ya tafi sai ya tambayi mutanen wurin, ya kuma ji maganarsu.

Mu ba mu iya zuwa wurinsu, amma su sun zo wurinmu. Suna cikin birni, a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba. Matar da ke sallama a ƙofar gidanku tana neman wankau ko surfe, mai yiwuwa tana da rumbu biyu a garinsu kafin a ƙone su. Mai yiwuwa ita ce ta taɓa aiko mana da fura. Yanzu su ne a kwance a bakin hanya, mu ne masu wucewa. Firist da Balawe ma suna da dalilansu na sauri.

Ba mu ce kowane gida yana da yalwa ba. Amma uwargida tana iya ƙara gwangwani ɗaya a tukunya. Maigida yana iya ba da aikin yini, ya biya lada cikakke, ba ya rage domin mutumin ba shi da zaɓi. Zumuntar mata tana iya tara zannuwa kafin sanyi. Kada a tambayi mutum addininsa kafin a miƙa masa kwano, gama mu ba a tambaye mu ba. Ku tambaye shi sunan garinsu, ku zauna ku ji labarinsa, yaranku suna kusa suna ji.

A addu'ar iyali kuma ku ambaci garuruwan nan da sunayensu, Achida da Magarya da Wurno, Rabah da Gandi da Goronyo. Ku roƙi Allah ya ba shugabanni hikima da gaskiya, ya juyo da zuciyar masu ɗauke da bindiga, ya mai da manoma gonakinsu. Kekunanmu suna nan, muna sa musu mai. Ubangiji ya kai mu ranar da za mu sake tura su a tudun Wurno, mu tarar da mutanen hanya a ƙofar gidajensu. Amin.