Ɗumamen Tsofaffin Finafinai

Maganar da nake so mu taɓa yau ita ce ta tsofaffin finafinan nan da muke ƙauna, waɗanda ake ta kiran a sake shirya su da sababbin fuskoki. Wasu na cewa a yi, wasu na cewa a bar tsoho da tsufansa. Ni ɗumame nake kiran abin, kuma kin san ɗumame iri biyu ne: akwai wanda ya fi tuwon daren daɗi, akwai wanda ko almajiri sai ya yamutsa fuska.

Mu nan karkarar Dambatta, inda gona ke manne da gona, gida na hangen gida, mace ba ta san ƙofar silima ba. Su Plaza da Marhaba da Orion sai dai mu ji labarinsu a bakin mazan da suka je birni. Bidiyo ne ya kawo mana fim har cikin ɗaki. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990 abin ya fara, kafin shekara goma bidiyo ya shiga sahun kayan ɗakin amaryar da iyayenta ke da hali. Kaset ɗaya sai ya zagaye unguwa kaf, a aiki yaro ya ɗauko daga wannan gida zuwa wancan. Bayan kaka, an gama sussuka an zuba hatsi a rumbu, sai a yi karo-karon kuɗin fetur a tayar da janareta, mata su cika ɗaki har bakin ƙofa, mai goyo da mai tsohon ciki, kowa da gyaɗarta a gefen zane.

A haka muka kalli Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999. Wallahi 'yar uwa, duk wulaƙancin da aka yi wa Zubaina a gidan sarauta ji muke kamar mu aka yi wa. Fati Muhammad ba ta yi kama da mai wasa ba, kama ta yi da yarinyar da ke taya mu surfe. To yanzu a kawo wata a ce ita ce Zubaina? Za ta iya fin ta kyau, za ta iya fin ta murya, amma ba ita muka yi wa kuka ba. Ga kuma waɗanda ƙasa ta rufe wa ido. Ahmad S. Nuhu ya rasu a 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro a 2014, Hauwa Maina a 2018, Allah ya jiƙansu. Don Allah wa zai sa hular Ibro ya fito mu yi dariya ba tausayi ba?

Sai dai masu cewa kada a taɓa tsohon fim sam, akwai abin da suka manta. Mother India na 1957, wanda iyayenmu ba sa gajiya da labarinsa saboda wahalar noma da bashin da suka gani a ciki irin tasu, ai shi kansa ɗumame ne. Mehboob Khan ya fara shirya labarin a 1940 da sunan Aurat, bayan shekara 17 ya sake shi, na biyun ya binne na farkon. Don na Amitabh Bachchan ya fito a 1978, Shah Rukh Khan ya sake fitowa a cikinsa a 2006, kuma ya karɓu. Amma da Ram Gopal Varma ya taɓa Sholay a 2007, Indiyawan da kansu suka juya masa baya. Kin ga ke nan ba tukunyar ba ce, hannun mai girkin ne. Mu ma namu ɗin, da yawa daga Indiya aka ɗebo su, kowa ya san Khusufi ɗan Taal ne. Ko tatsuniya ma, yadda kakata ke ba da ta Gizo da Ƙoƙi daban da yadda innata ke bayarwa, ba wanda ya taɓa cewa an ɓata ta.

Wanda ya faru a gabanmu shi ne Mujadala. Ali Nuhu ya yi na farko a 2000, ya sake shi a 2018 da su Umar M. Shareef da Maryam Yahaya. Gaskiya hoto ya fito tar, sauti ba ƙara, 'yan mata sun haddace waƙoƙin. Mu nan sai daga baya ya iso, ta hannun masu tura fim a waya ranar kasuwa. Ban ga laifinsa ba, mai kaya ne ya sake ɗinka rigarsa. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Wata ɗiyar yayata, budurwa ce har an kawo kuɗin gaisuwarta, ta rantse min ita ba ta san akwai wani Mujadala kafin wannan ba. Na ce bari in nuna mata. Na buɗe adaka na ɗauko kaset ɗin, ashe danshin damina ya gama da zaren, ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Ko da lafiyarsa ƙalau ma, ina bidiyon da za a sa shi? Duk faɗin garin nan babu ko ɗaya mai aiki.

Nan ne maganar take. Duk matar manomi ta san ba a kai gero turmi sai an ware na iri, a zaɓi zangarniya mai kyau a rataye inda ɓera da gara ba za su kai ba. Ko yunwar bazara ta yi tsanani ba a taɓa shi. Amma finafinanmu na kaset an cinye su har da irin. Wasu an ɗora su a YouTube, hoton dishi-dishi kamar ana hazo, wani babu farko, wani babu ƙarshe, wasu kuwa ko sama ko ƙasa. Idan tsohon na nan ana samunsa, sabon ba ya cutar da kowa, mai so ta kalli wannan ta kalli wancan ta zaɓa. Idan kuwa tsohon ya ɓace, sabon ya zama shi kaɗai ne shaida, kuma 'ya'yanmu za su ɗauka haka muka yi ado, haka muka yi zance, haka gidajenmu suke. Alhali zaure da rumbu da dandali duk an kwashe su, an maye da bene da gilashi da doguwar mota. Don haka ni roƙona ga masu shiryawa, duk wanda zai sake wani fim, ya fara nemo na asalin ya wanke shi ya fitar mana, kuɗin ba zai kai na hayar gida ɗaya cikin gidajen da suke ɗaukar hoto ba.

Kuma in da za a tambaye ni, ba Sangaya zan ce a taɓa ba, shi ya riga ya cika. Wanda labarinsa ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa shi ya cancanta. Ga Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, littafin ya fito a 1990, aka mai da shi fim a 1998, har a Indiya an buga fassararsa ta Turanci a 2012. Labarin Rabi ne, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara saboda ya auro Delu, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Ki duba unguwarku, za ki rasa Rabi? Mu a namu layin ma akwai biyu. Wannan kam a sake shi, amma a nemo mace mai shekarun Rabi da hannun da ya san muciya, a sa ta a gidan ƙasa mai murhu uku, kada a kawo mana yarinya da dogon farce a ce ita ta haifi tara.