Gidan da ruwan Agusta ya tona wa asiri

Duk wadda ta yi zaman haya a Kano ta san yadda gaba ke faɗuwa idan shekara ta zagayo. Shekara tara muka yi a Gyaɗi-Gyaɗi ina zubin adashi a wurin aiki, maigida yana tara nasa. Don haka ranar da dillali ya ce ya samo mana gida a wata sabuwar unguwa can bayan Rijiyar Zaki, ko barcin sauka daga aikin dare ban yi ba na hau adaidaita sahu.

Unguwar ta shiga raina. Ga iska, ga bishiyoyin darbejiya, ga islamiyya a bakin layi. Gidan kuwa ɗaki uku da falo, sabon fenti, tayil na ƙyalli. Tun a tsakar gida na fara raba wa yara ɗakuna a zuciyata. Dillali ya ce akwai wani Alhaji da ke son biya, mu hanzarta da kafin alƙalami.

Maigida ne ya taka mini birki. Ya ce sai wani abokinsa injiniyan gini ya duba, kuma sai bayan an yi ruwa. Na ji haushi, amma aikina ya koya mini cewa fara'ar marar lafiya ba ta hana a auna jininsa.

Daren Litinin aka kwana ana ruwa irin na Agusta, Talata da safe muka koma. Mai adaidaita ya sauke mu tun daga titi, ya ce ba zai shiga ba. Layin da na taka a bushe ya zama tafki, babu magudana ko ɗaya, muka tattare kaya muka bi gefen katanga.

Injiniya bai kalli fenti ba. Ya ƙwanƙwasa tayil da mukulli, wasu suka yi ƙara kamar ganga, alamar babu siminti a ƙarƙashinsu. Ya karce bulon katangar baya da ƙusa, yashi ya zubo. Ya leƙa cikin silin da tocila, ya ga kwano na yoyo kuma gara ta fara cin katako. Sannan ya kira ni ya nuna mini wata tsaga da aka like da filasta, ta taso daga kusurwar taga ta yi ƙasa a karkace.

"Hajiya, ƙaramar tsagar filasta ba ta ba ni tsoro," in ji shi. "Irin wannan kuwa, ga ƙofar nan tana cijewa, ƙasa ce ke zaunawa da ginin."

Wata dattijuwa a maƙwabta ce ta ƙarasa mana labarin, bayan na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "'Yata, nan ai rami ne da ake ɗibar ƙasa, da damina yara har wanka suke yi a ciki. Shara aka yi ta zubawa har ya cike." Mutanen Kano sun san wannan. Kududdufai da yawa na cikin birni ramuka ne da aka haƙa don ƙasar gini, kuma su ne ke shanye ruwan sama. Idan aka cike kududdufi da shara aka ɗora gini, sharar na ruɓewa tana lotsawa, ruwan kuma bai manta hanyarsa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ni na gano shi da kaina. Tsakanin rijiyar gidan da ramin masan maƙwabta taku shida na ƙirga. A aikin lafiya ana son tazarar ta kai aƙalla mita 15, an fi son 30. Na yi jinyar yara masu taifod da amai da gudawa, na san abin da irin wannan rijiya ke jawowa. Ɗakin da na zaɓa wa autana mai asma kuwa, bangonsa a jiƙe yake har gwiwata, yana warin danshi.

Muka haƙura. Na yi kuka a hanyar komawa, ba zan ɓoye muku ba. Amma abin da muka sallami Injiniya da shi bai kai kuɗin fentin falo ba, gumin shekara tara kuma yana nan a hannunmu.

'Yar'uwa, idan Allah ya kawo lokacinki, ki je ki ga gidan bayan ruwa ya sauka. Ki nemo masanin gini da ba shi da kaso a cinikin. Ki gaisa da tsofaffin unguwa da mai unguwa, ki sa a tantance takardun a ma'aikatar ƙasa kafin kuɗi su fita. Mai gaggauta ki, ki tambayi kanki me yake gudun ki gani.

Har yanzu muna haya, muna kuma nema. Allah ya ba kowacce uwa muhallin da za ta kwana da 'ya'yanta hankali kwance ko ana ruwa, amin.