Gargaɗin Littattafan Mugun Zamani Ga Masu Riƙe Da Alƙalami

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a cikin wannan jarida tamu mai farin jini, domin in faɗa wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da malaman zaure abin da na tsinta a cikin waɗansu littattafai da na karanta cikin 'yan watannin nan. Littattafan hira ne na Turanci, watau labaran da marubuci ya ƙaga da kansa, amma irinsu dabam ne. Mai littafin yakan sifanta wata ƙasa da ba ta cikin taswira, ko wani zamani da bai zo ba tukuna, inda zalunci ya game ko'ina, har mutane suka manta an taɓa zama ba haka ba. Ni dai zan kira su littattafan mugun zamani.

Mutane da yawa suna ɗaukar irin waɗannan littattafai kamar aikin ɗan duba, suna ƙidaya abin da marubuci ya hango ya faru da abin da bai faru ba. A ganina wannan ɓata lokaci ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikinsu duka, kafin azzalumi ya taɓa jikin mutane sai ya fara taɓa takarda, kuma hannun da yake aikawa ya taɓa ta hannun ƙaramin ma'aikaci ne mai jiran albashin ƙarshen wata. Watau da mu ake.

Na fara da littafin George Orwell mai suna 1984, wanda aka buga a Landan a shekarar 1949. Sunan marubucin na yanka Eric Blair. An haife shi a Indiya a 1903, ya yi aikin ɗan sanda na mulkin Ingila a ƙasar Bama daga 1922 zuwa 1927, kāna ya yi aiki a gidan rediyon BBC lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ashe kuwa ya san ofis ciki da bai. Tarin fuka ya yi ajalinsa a watan Janairu na 1950, wata bakwai da 'yan kwanaki bayan fitowar littafin.

Mutumin da labarin ke bi, Winston Smith, akawu ne kamarmu, shekararsa 39, yana aiki a wani wuri da ake kira Ma'aikatar Gaskiya. Aikinsa shi ne a aiko masa da tsohuwar jarida, ya gyara ta har ta dace da maganar da hukuma ke yi yau, a sake buga ta, sa'an nan a jefa ta asali cikin wani rami a jikin bango wanda ke kai ta ga wuta. Ga misali. Hukuma ta yi alkawari ba za a rage wa mutane rabon cakulan ba, sai ga shi an rage daga giram 30 zuwa giram 20. Aka ba Winston tsohon alkawarin ya mai da shi gargaɗin cewa mai yiwuwa ne a rage. Kwana ɗaya tak bayan sanarwar, sai aka ba da labari wai jama'a sun fita suna godiya domin an ƙara musu rabo ya kai giram 20, mutane kuwa suka gaskata. Wata rana kuma wani babban ma'aikaci ya yi wa manya laifi aka ce a shafe shi daga jarida, sai Winston ya ƙago wani soja da ba a taɓa haifa ba, ya raɗa masa suna, ya ba shi tarihi da mutuwar jarumta, ya cike gurbin da shi.

Masu karatu sukan tsorata da azabar da aka yi wa Winston a ƙarshe, har ya yarda biyu da biyu biyar ne. Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda marubucin ya nuna Winston yana jin daɗin aikinsa. Ya san ƙarya yake yi, ya ƙi jinin masu sa shi, amma in aka ba shi gyara mai wuya sai ya duƙufa kamar maƙeri a bakin uwar maƙera, yana so aikin ya fita da kyau. Kada wani ya ce wannan tatsuniya ce kawai. A ƙasar Rasha, bayan da aka kashe Beria, shugaban 'yan sandan ciki na Stalin, a 1953, sai aka aika wa waɗanda suka sayi babban kundin ilmi na gwamnati da sababbin shafuka, aka umurce su su yanke wurin da ke yabonsa, su manna bayanin tekun Bering a madadinsa. Ai wani ne ya zauna a tebur ya tsara shafukan nan, wani ya buga su, wani ya sa su cikin ambulan.

Wanda ba ya jin Turanci ma yana iya ɗanɗana hikimar Orwell, gama littafinsa na 1945, Animal Farm, Malam Bala Abdullahi Funtuwa ya mai da shi Hausa a 1975 da sunan Gandun Dabbobi. A can dabbobi sun rubuta dokoki bakwai a bango, sai wani alade ya riƙa zuwa da dare da fenti yana ƙara 'yan kalmomi a ƙarshen kowace doka, har halal ta zama haram, haram ta zama halal. Akwai wani tsohon jaki da ya iya karatu kamar kowane alade, yana ganin abin da ake yi, amma ya ja bakinsa ya yi shiru. Wannan jaki shi ne mai ilmin da ya ce ba ruwansa.

To, jama'a, mu dubi teburanmu. Mai da kwanan wata baya a kan wasiƙa, rage wa wani shekaru a rajista, barin sunan mamaci cikin takardar albashi, cusa fayil ƙarƙashin kabad a ce ya ɓace, ƙara wa ɗan wane maki a jarrabawa, duk waɗannan ƙananan 'yan'uwan aikin Winston ne. Kowanne in ka dube shi shi kaɗai bai kai a ɗaga murya ba. Amma ranar da aka wayi gari ba wanda ya amince da abin da ke cikin rajista, to, maganar mai ƙarfi ce za ta zama rajista, talaka kuwa ba shi da sauran shaida. Da ɗan gari akan ci gari.

Littafi na biyu shi ne Brave New World na Aldous Huxley, na shekarar 1932. Abin mamaki, Huxley ya taɓa koyar da Orwell Faransanci a makarantar Eton, kuma a watan Oktoba na 1949 ya rubuta wa tsohon almajirinsa wasiƙa yana cewa masu mulkin gaba za su ga ya fi sauƙi su mallaki mutane ta hanyar sa su ƙaunaci bautarsu, da a ce ta hanyar bulala. A ƙasar da ya sifanta ba a haihuwa, a cikin kwalba ake ƙyanƙyashe jarirai, a kasa su aji biyar tun kafin su buɗe ido. Jariran ƙananan azuzuwa akan ajiye musu littattafai da furanni, da sun rarrafa sun taɓa sai a kaɗa ƙararrawa mai firgitarwa a sakar musu lantarki, domin su tashi da ƙin littafi har abada. Wanda ransa ya ɓaci kuma sai ya haɗiyi wata ƙwaya mai suna soma, ya manta. Masu yin wannan aiki ga jarirai ma'aikatan reno ne masu fararen tufafi, suna bin ƙa'idar aikinsu sau da ƙafa. Malamin makaranta da ya sa yaro ya tsani littafi saboda duka da zagi, ya karanta wannan babi ya yi tunani.

Na uku, Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, mutumin Amurka, wanda ya fito a 1953. A nan 'yan kwana-kwana sun bar kashe gobara, aikinsu ƙona littattafai. Bradbury bai ƙago wannan daga iska ba, domin a ranar 10 ga Mayu 1933 an tara littattafai kimanin 20,000 a wani dandali a birnin Balin na Jamus aka cinna musu wuta, ɗaliban jami'a ne kuwa suka ja gaba. Amma inda littafin ya fi cizo shi ne bayanin da shugaban 'yan kwana-kwanan ya yi wa yaronsa Montag, cewa mutane ne da kansu suka fara barin karatu, suka koma kallon manyan alluna a bangon ɗaki, doka daga baya ta zo. Duk wanda ya ga yadda muke duƙar da kai bisa wayar hannu daga asuba har tsakar dare, ba ya bukatar a yi masa tafsiri.

Ƙarshen wannan littafi ya faranta mini rai. Montag ya gudu daji ya tarar da waɗansu mutane, kowannensu ya haddace littafi ko wani sashe nasa, domin abin da ke cikin ka wuta ba ta kai gare shi. Ga Bature wannan abin al'ajabi ne, amma mu a nan mun saba ganin alarammomi suna rubuta Alƙur'ani duka da ka. Mun kuma ji abin da ya faru a Tumbuktu, inda 'yan bindiga suka ƙona rubuce-rubucen hannu kimanin 4,000 a watan Janairu na 2013, alhali mutanen gari sun riga sun sulale da mafi yawansu cikin akwatuna, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako. Masu tsaron littattafai ne suka yi wannan, ba soja ba.

Na huɗu, The Handmaid's Tale na Margaret Atwood, mutuniyar Kanada, na 1985. Waɗansu sun ƙwace mulkin Amurka da sunan addini, suka rufe wa mata ajiyarsu ta banki, suka kore su daga aiki, suka haramta musu karatu, har alamun kantuna aka mai da su hotuna. Littafi Mai Tsarki kansa a cikin akwati ake kulle shi, maigida kaɗai ke buɗewa ya karanta abin da ya ga dama, ba mai iya dubawa ya ce an ƙara ko an rage. Malamanmu sun fi ni sanin yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, da yadda 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Gidan da mace ta iya karatu, da wuya a yi wa nassi fenti da dare.

Sabo a cikinsu shi ne Prophet Song na Paul Lynch, ɗan ƙasar Ailan, wanda ya ci kyautar Booker a 2023. Shi ne ya hana ni barci. Wata mata ce mai suna Eilish, uwar 'ya'ya huɗu, mijinta shugaba ne a ƙungiyar malaman makaranta. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka kama shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. 'Yar'uwarta da ke Kanada ta yi ta roƙonta ta fito, ita kuwa tana jiran mijinta, ga tsohon ubanta da ya fara ruɗewa. Ta nemi fasfo ga jaririnta, wani ma'aikaci ya hana. Da ɗanta ya ji rauni ta bi asibiti-asibiti, daga wannan tebur zuwa wancan, har ta same shi cikin gawawwaki. Lynch ya ce yaƙin Siriya ne ya tunzura shi ya rubuta. Wanda ya taɓa zama da 'yan gudun hijira na Barno zai ga cewa abin da Bature ke kira mugun zamani mai zuwa, waɗansu sun riga sun sha shi.

Littattafan ba su rasa aibi ba. Orwell ya tsai da labarinsa a tsakiya ya shiga doguwar lacca ta siyasa mai sa hamma. Mutanen Huxley kamar 'yar tsana suke, da wuya ka ji tausayinsu. Atwood ta kawo al'amuran ɗaki da ba za a karanta a gaban yara ba. Lynch kuwa ba ya yanka maganarsa sakin layi-layi, sai ka bi shafi bayan shafi ba wurin numfasawa. Duk da haka ban yi nadamar kuɗina ba.

Roƙona biyu ne. Na fari, masu jin harsunan nan biyu su taimaka su mai da irin waɗannan littattafai Hausa, kamar yadda aka yi wa Gandun Dabbobi, gama gargaɗin da ba a ji ba bai yi amfani ba. Na biyu, mu masu alƙalami mu riƙe amanar abin da muke rubutawa. Malamai sun san ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, zancen rubuta bashi take yi da adalcin marubuci. In babba ya ce ka canja abin da ke rubuce, ka roƙe shi cikin ladabi ya ba ka umurnin a rubuce da sa hannunsa. Sau da yawa nan maganar take mutuwa, domin mai son a ɓata takarda ba ya son tasa takardar ta zama shaida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya tsare mu da mugun zamani, ya hana hannuwanmu zama masu kawo shi, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu Mai Son Karatu, Zariya.