Mun biya, amma makullin yana hannunsu

Muna yara a Wusasa, gidan gem ɗinmu wani shago ne mai PlayStation 2 guda biyu da ƙaramin janareto. Faifan duk kwafi ne, kowa ya sani. In dai akwai wuta, akwai wasa.

Da muka fara ɗaukar albashi, sai muka ce mu sayi na halal. Wata Asabar muka taru, ga wuta, ga kwamfuta, amma wasan ya ƙi buɗewa sai ya ji daga kamfanin ta intanet, netwok kuwa ya ɗauke. Mai kwafin sata yana can yana buga abinsa.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2013 ƙorafin 'yan wasa ya sa Microsoft ta janye sharaɗin haɗa Xbox One da intanet duk awa 24. A 2024 Ubisoft ta kashe sabar The Crew, wasan ya mutu a hannun waɗanda suka biya.

Yau mu ma manhaja muke rubutawa, mun san zafin a sace wa mutum guminsa. Amma kafin mu sa kowane makulli, mukan tambayi kanmu: zai buɗu a Wusasa ranar da babu netwok?