Tudun Bleaklow da Haƙƙin Tafiya a Daji

Tsakanin Manchesta da Shefild, manyan biranen masana'antu na arewacin Ingila, akwai wani tudu mai faɗi da ake kira Bleaklow, mai tsayin mita 633, wanda ko da yake da mita uku kacal maƙwabcinsa Kinder Scout ya fi shi, shahara duka ta tafi ga maƙwabcin. Wanda ya saba da duwatsun ƙasar Hausa irin su Dala da Kufena da Kwatarkwashi, waɗanda ke tsaye ƙiƙam ana hango su daga nesa, da wuya ya yarda a kira wannan wuri dutse, domin ba shi da tsini, ba shi da itatuwa, sai shimfiɗar baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi da ta taru shekaru dubbai, ruwan sama ya tsattsaga ta kwazazzabai, waɗansu zurfinsu ya fi tsayin mutum. In ka taka inda bai kamata ba ƙafa ta nutse har gwiwa, in kuwa hazo ya sauka, gabas da yamma su zama ɗaya. Ƙololuwar kanta ba a gane ta sai da tarin duwatsu da aka kafa wa sanda. Can gefe, kusa da Higher Shelf Stones, har yau tarkacen wani jirgin saman yaƙi na Amurka yana nan warwatse, wanda ya faɗi a 1948 cikin gajimare, mutum 13 suka halaka.

Duk da haka, sai ka ga dattijo da matarsa sun ajiye mota a bakin hanyar Snake Pass, sun ɗaura takalma masu nauyi da rigunan ruwa, da taswira da kamfas a hannu, su yi ta fama da laka har su isa tarin duwatsun nan, su sha shayi, su juyo, ba su sayo kome ba, ba su ziyarci kowa ba.

A wurinmu hawan dutse ba ya rasa hujja. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe a kan Dala da sha'anin tsafin Tsumburbura. A zamanin yaƙe-yaƙe jama'a kan hau duwatsu neman mafaka. Maharbi da makiyayi da mai neman saiwar magani kowa da buƙatarsa. Alhaji kuma yakan jure wahalar Jabalun Nur don ya ga Kogon Hira. Amma magidanci ya bar gidansa ya hau dutse don kawai ya hau, lalle sai an tambaye shi ko lafiya, wani ma ya yi zargin iskokai.

A ganina asalin wannan bambanci ba a ɗabi'a yake ba, a tarihin mallakar ƙasa yake. Manomi a ƙasarmu yini yake a fili cikin rana, saboda haka hutunsa inuwa ce, kuma daji bai taɓa zama abin marmari gare shi ba tun da ba a rufe masa shi ba. Ma'aikacin masaƙa a Manchesta kuwa, a zamanin da, mako yake yi cikin hayaƙi, yana hango tuddan nan daga unguwarsa, alhali attajirai da masu sarauta sun killace su don harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa, wanda ake buɗe farautarsa ranar 12 ga Agusta, sun kuma zuba masu gadi da sanduna. A nan Bleaklow ne masu gadin suka kori waɗansu matasa a farkon 1932, abin da ya sa ranar 24 ga Afrilu na shekarar ɗaruruwan ma'aikata, Benny Rothman na gaba, suka hau Kinder Scout da gangan ba da izni ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 1949 majalisa ta yi dokar gandun shaƙatawa na ƙasa, yankin Peak District ya zama na farko a 1951, aka buɗe doguwar hanyar ƙafa ta Pennine Way a 1965, wadda ta ratsa ta kan Bleaklow, sa'an nan dokar 2000 ta halatta yawo a irin waɗannan tuddai gaba ɗaya. Dattijon nan mai shan shayi cikin yayyafi, ko ya sani ko bai sani ba, haƙƙi yake mora wanda aka sha ɗauri a kansa.

Yanzu matasanmu a Jos da Abuja sun fara hawan duwatsu ranar Asabar, amma a ayari suke tafiya, da raha da ɗaukar hoto, ba kamar Bature mai neman kaɗaici ba. Kuma in dutsen na wani ƙauye ne, ladabi shi ne a fara biyawa a gai da mai unguwa, ya ba da yaro mai nuna hanya, wanda shi ne zai faɗi gefen da ake hawa da gefen da mutanen garin ba su yarda baƙo ya taka ba.