Ɗakin da Ba Shi da Taga

Tun muna ƙanana ake koya mana cewa raki abin kunya ne. Yaron da ya cije ranar kaciya yakan sha yabo, mace mai naƙuda da ta danne nishinta a kira ta jaruma. Ina girmama wannan tarbiyya, domin ita ce ta riƙe iyayenmu a shekarun fari da yunwa. Sai dai akwai wata cuta da ke kiwo a inuwar haƙuri, duk sa'ar da aka jure sai ta ci rabonta daga naman mutum. Na san ta a hannun ƙanena tun kafin in karanta labarinta a littafi.

Yana ɗan shekara 9 ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ƙashin damtsensa ya karye dab da gwiwar hannu. Aka kai shi wurin mai ɗori, wani dattijo da ya ɗora rabin mutanen garinmu. Ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure da tsumma tamau. Da dare ya yi, yaron ya kasa runtsawa. Kukansa ya fi wanda ya yi lokacin faɗuwar, yatsunsa suka kumbura, in an ɗan miƙar da guda ɗaya sai ya ƙwalla ihu. Manya suka ce ƙashi ne yake kamawa, a yi haƙuri. Bayan kwana biyu kukan ya lafa, gida ya yi hamdala. Ƙashi kam ya haɗu, amma yatsun sun lanƙwashe sun ƙame kamar ƙafar shaho, har yau ba su miƙe ba.

Shekaru suka shuɗe kafin in fahimci abin da ya faru a ƙarƙashin tsumman nan. Tsokokin hannu da na ƙafa a kashe suke rukuni rukuni, kowane rukuni an naɗe shi da wani farin tantani mai tauri, irin wanda mahauci yake fama da shi idan yana fiɗar cinya. Wannan tantani ba ya miƙewa. Saboda haka kowane rukuni tamkar ɗaki ne rufaffe, cikinsa akwai tsoka da hanyoyin jini da jijiyoyin da ke kai saƙon ji da motsi. Tsakanin gwiwa da idon sawu kaɗai akwai irin waɗannan ɗakuna 4.

Idan ƙashi ya karye ko nama ya daku, jini da ruwa sukan taru a cikin ɗakin, alhali bango ba ya matsawa. A lafiyayyen jiki matsin da ke ciki bai kai 10 ba a ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi, likitoci kuwa sukan shiga damuwa idan ya kai wajen 30. Hanyoyin da ke mayar da jini zuciya su ne ke fara toshewa, domin bangonsu ya fi laushi. Jini yana ta shigowa, fita ta gagara, kumburi ya ƙaru, ƙaruwarsa ta ƙara toshe hanya. Daga nan tsoka ta rasa iskar da take rayuwa da ita. Cikin kimanin sa'a 6 lahanin da ba ya gyaruwa yakan fara. Matacciyar tsoka takan zama tabo, tabon ya tsuke ya janye yatsu. Wani likitan tiyata ɗan Jamus mai suna Richard Volkmann ya bayyana wannan nakasa a shekarar 1881, ya kuma danganta ta da ɗauri mai tsanani, har yau da sunansa ake kiran ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda cutar take yaudarar masu jinya. Ana iya taɓa wuyan hannu a ji jini yana bugawa lafiya lau, domin babbar hanyar jini ba ta toshewa sai can a ƙarshe, alhali ƙananan da ke shayar da tsoka sun daɗe da rufewa. Lafawar zafi ma, wadda muka yi wa hamdala, alama ce ta cewa jijiyar da ke kai ƙara ta mutu. Shaidar gaskiya tana zuwa da wuri: zafin da ya fi ƙarfin raunin, wanda magani ba ya kwantar da shi, wanda kuma yake tsananta idan an miƙar da yatsu. Gaɓar takan yi tauri kamar itace, sai jin tsira-tsira kamar tafiyar kiyashi, sai mutuwar fata. Yaro ƙarami da bai iya bayani ba, rashin natsuwarsa da yawan neman magani su ne bakinsa.

Karayar ƙwauri, irin wadda haɗarin babur yake jawowa kullum a titunanmu, ita ce kan gaba wajen haddasa ta. Ƙunar wuta da danne gaɓa a ƙarƙashin rusasshen gini su ma suna kawo ta, haka simintin asibiti idan ya matse. In tsoka mai yawa ta mutu, dattinta yakan bi jini ya lahanta ƙoda, fitsari ya koma kalar baƙin shayi.

Maganinta yana da ban tsoro ga ido. Da farko a kwance duk wani ɗauri har a ga fata, a ajiye gaɓar daidai da ƙirji ba tare da an ɗaga ta sama ba, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Idan matsin bai sauka ba, likita zai tsaga fata da tantanin tsawon gaɓar, ya bar raunin a buɗe na wasu kwanaki, sannan a ɗinke ko a yi masa dashen fata. Wanda ya ga ƙafa a tsage haka zai ce an yi ɓarna, nan kuwa taga aka fasa wa ɗakin da hayaƙi ya cika.

Ban zo yi wa masu ɗori tofin Allah tsine ba. Mutumin ƙauye da ke da tafiyar yini zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, ga kuɗin mota ga na aiki, dole ya nemi wanda ke kusa da shi. Abin da nake fata shi ne ilimin nan ya isa zaurensu: a bar wa kumburi wuri, a bar yatsu a waje ana duba su, duk wanda zafinsa ya ƙaru bayan ɗori a kwance shi a tura shi gaba tun daren farko. Mai ɗorin da ya san iyakarsa ya ƙara wa sana'ar kakanninsa daraja.

Mu kuma da muke zaune a gefen tabarmar majinyaci, akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan yaro ya ce ɗauri yana cin sa, kamata ya yi a gaskata shi kafin a ba shi haƙuri, domin sa'o'in da za a ɓata ana lallashi su ne kaɗai hannunsa yake da su.